Inda Goggonki Za Ta Ajiye Turminta

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa. Mamanki ce ta cusa miki ita a ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin dabino, don na san sai kin nutsu hannunki zai kai can. Kada ki ga laifinta, ni na sa ta. Kina ɗaki kina haɗa kaya nake rubutun nan. Na fi shekara talatin ina tsayawa gaban allo ina yi wa 'ya'yan mutane bayanin zanen gini, amma wannan bayani na kasa yi miki shi ido da ido.

Kin tafi Abuja ne ki shiga cikin waɗanda aka ba aikin zana sabuwar unguwar da za a gina a bayan garin Dutse, benaye masu shaguna a ƙasa da gidajen zama a sama. Kin kuma san ƙauyen Goggonki Hajo, yayata, yana cikin filin da unguwar za ta cinye, an ce musu za a ba su wurin zama a cikin benayen a madadin gidajensu. Ranar da kika buɗe kwamfutarki kika nuna mini zanen da za ki tafi da shi, kika ce, "Abba, ai naka na duba, benen Alhaji na bakin titi," sai na ce miki madalla, Allah Ya yi albarka. Wannan madalla ita ce kuskurena na baya-bayan nan. Bari in fara miki da na farko, ki ga yadda suka biyo juna.

Ni kaɗai ne cikin 'ya'yan Dada, wadda kika ci sunanta, aka kai boko daga rugarmu ta wajen Aujara. Lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha, kowa ya tashi da gini, ni kuma ina sabon malami, kaina cike da hotunan gine-ginen da na gani a littafi. Sai wani Alhaji ɗan kasuwa, Allah Ya jiƙansa, ya ce in zana masa bene. Na zana shaguna jere a ƙasa, gidaje a sama, baranda mai kallon titi. Da aka gama, mutane har tsayawa suke yi su ɗaga kai. Na kama gida ɗaya a sama, muka tare da mamanki, ba a haife ki ba tukuna. Da kakanki ya rasu, shanun kuma suka yi ƙaranci, sai na je na ɗauko Dada. A zuciyata na raba ta da wahala ke nan, ba ɗiban ruwa a rijiya, ba yo itace.

Da muka sauka daga mota ta tsaya ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo. Ba ta kiran sunana, malamin makaranta take ce mini.

"Malamin makaranta, mutane ne a can sama?"

"Mu ne, Dada."

"To. Allah Ya sauko da mu lafiya."

Na yi dariya, mamanki ma ta yi.

Ƙofar hawa benen guda ɗaya ce, na kuma sa ta a gaba, tsakanin shagon tela da na mai kayan masarufi, don zanen ya fi kyau a haka. Ba a yi wata ba mai shayi ya kafa teburinsa a bakinta, saboda inuwar wurin. Teburi ya jawo benci, benci ya jawo majalisa. Daga hantsi har magariba maza ne zaune, sai sun janye ƙafa mutum zai wuce. A makon farko Dada ta ce za ta sauka ta ga gari. Ba ta jima ba sai ga ta ta dawo, ta ce ta manta mayafinta. Mayafin yana kanta, Ummi. Na gani, na kau da kai. Matar da ko gaban surukanta ba ta taɓa cin abinci ba, ita na ajiye a inda sai ta ratsa maza baƙi kafin ta taka ƙasa. Daga ranar ba ta ƙara sauka ba sai in asibiti za mu kai ta.

Saboda haka ki duba zanenki da kyau. Ƙofar gida da ƙofar shago kada su kalli waje ɗaya. Mai shago so yake jama'a su taru a bakin ƙofarsa, mai gida kuwa so yake iyalinsa su shiga su fita ba ido a kansu, kuma kowannensu yana da gaskiya. Waɗanda suka gina mana zaure sun san abin da suke yi. Baƙo ya tsaya nan, ɗan gida ya wuce. Ki fitar wa gidajen da ƙofa ta baya, wadda za ta buɗe a lungun da mota ba ta bi, inda mace za ta yafa zane ta leƙa barka ko gaisuwar mara lafiya ba sai ta yi shirin tafiya kasuwa ba. In kin bar inuwa a bakin ƙofa, ki sani kin kira majalisa, ko kin rubuta a zane ko ba ki rubuta ba.

Na biyu shi ne turmi. Awakinta mun baro wa Goggonki, don ba inda za a kafa turke a bene, amma turminta ta ce ƙafarta ƙafarsa. Da safe takan daka gero ta dama mana fura, irin wadda har yau ban ƙara shan kamarta ba. Wata rana sai ga tela ya hawo yana sosa ƙeya.

"Malam, don Allah a yi mana afuwa. In Hajiya ta fara daka, garin siminti ne ke zubo mana a kan ɗinkin mutane. Jiya sai da na wanke wata shadda."

Gaskiyarsa ce. Na shiga na ce, "Dada, akwai injin niƙa a ƙarshen layi, a riƙa aikawa, ke ma kya huta."

Ta ce, "To."

Ta kife turmin a gindin taga, ta zauna a kai. Shi ya zama kujerarta. Nan nake barin ta in zan tafi makaranta, nan nake dawowa in same ta, tana kallon duwatsu ta tsakanin ƙarafan taga. Abin da ya fi ci mini rai yanzu, a shagon da ke ƙarƙashin ɗakinta janareta ke ruri yini guda, hayaƙinsa yana shigowa, ba wanda ya taɓa hawa ko sauka don a kashe shi. Shi sana'a ce. Nata kuwa hayaniya.

A nan ne na yi kuskuren da nake jin tsoron ke ma an koya miki shi a jami'a. Na ɗauka in an ce gini ya haɗa zama da sana'a, ana nufin shago mai ƙofar ƙarfe a ƙasa, iyali a sama. Na manta gidan da na tashi a ciki tuntuni ya haɗa su. Ki shiga gidan Goggonki ko na maƙwabtanta ki gani. Wannan tana tuyar ƙuli-ƙuli, waccan tana kaɗa nono, wata tana kitso a inuwar rumfa, ga tunkiyar kiwo a turke ana jiran babbar salla. Duk a tsakar gida ake yi. Da kuɗin suke sayen sabulu da takalmin yara da kwanukan auren 'ya, ba su tambayi kowa ba. Ni na ɗauke tsakar gida na ba matan benen baranda mai faɗin tabarma, wadda duk mai wucewa a titi yake kallo, har sai da mazauna suka toshe ta da buhu da kwano. Na buɗe wa maza kasuwa a ƙasa, na rufe ta mata a sama, na kira shi ci gaba. Ki nemo musu fili a ƙasa, Ummi, a bayan shagunan, mai katanga, wanda sama take a buɗe. Inda za a kafa murhu, a yi shanya, a zubar da ruwan wanke-wanke, a yanka ragon suna. Ko gidaje da yawa ne za su haɗu a fili ɗaya, ya fi babu.

Mamanki ta lura tun da wuri. Wata rana ina cin abinci ta ce, "Malam, tsohuwar nan ba ta jin daɗin gidan nan."

Na ce, "Ta faɗa miki?"

Ta ce, "Sai ta faɗa?"

Na tashi na je na tambayi Dada ko akwai abin da ke damunta. Ta ce lafiya lau, alhamdu lillahi, ga ruwa a ɗaki, ga fanka, me za ta nema kuma. Na dawo na ce wa mamanki, "To kin ji." Ni da na tashi cikin mutanen da in yunwa za ta kashe su a gidan baƙo ba za su ce suna ji ba. Na san ma'anar wannan lafiya lau sarai. Na karɓe ta ne don ta yi mini daɗi.

Ku ma za ku zo ƙauyen ku kafa rumfa da kujeru, a tara mutane, wani ya riƙe lasifika ya ce, "Kun amince?" Za su ce sun amince, Allah Ya saka da alheri. Matan ma ba za su zo ba, in sun zo suna can baya. Kada ki koma ofis ki ce an tuntuɓi jama'a. Ki tuɓe takalmi ki shiga cikin gida, ki wuni. Kada ki yi tambaya da yawa, ki yi kallo. Ina suke zuba toka? Ina tsoho yake shimfiɗa buzunsa da la'asar? In an yi rasuwa, ina mata ke zama, ina maza ke zama? Ke kina da abin da ban taɓa samu ba, za ki iya shiga kowane gida ba sallamar zaure. Kada ki yar da wannan dama.

Yanzu na zo wurin da na daɗe ina kewayewa.

A zanena na farko matakalar tana da faɗi. Da na shimfiɗa wa Alhaji takardar, ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Malam, wannan matakala ce ko titi? Mota za ta hau?" Yaran shagonsa suka bushe da dariya. Ya ce a rage ta, a ƙara wa shagon gefe, ai mutum ɗaya ne ke hawa a lokaci guda. Ina matashi, aikina na farko ke nan, ba na son a ce malamin nan taurin kai gare shi. Na koma na goge, na tsuke ta, na sa mata kwana mai kaifi a tsakiya. Na auna ta da mutum riƙe da jaka. Na tuna katifa, na ce tana lanƙwasuwa. Na tuna gado, na ce ana kwance shi. Akwai abu ɗaya da ba ya lanƙwasuwa kuma ba a kwance shi, wanda kowane gidan Musulmi sai ya shiga, shi ne ban tuna ba.

Dada ta rasu da safe, cikin damina, bayan 'yar jinya. Mata suka yi mata wanka, suka sa mata likkafani. Aka ɗauko makara daga masallaci, sai ta ƙi hawa. Da aka zo kwanar nan ta tokare bango. Aka juya ta ta gefe, aka ɗaga, aka karkata, ta ƙi. Jama'a suna tsaye a titi suna jira. Liman ya ce a yi haƙuri, a sauko da ita a tabarma. Mu huɗu muka ɗauke ta, ni ne ta wajen kai. A kwanar sai da muka miƙar da ita kusan tsaye, fuskarta a jikin ƙirjina, ina jin ƙafafunta suna bugun ƙarfen matakala. Ɗaya daga cikin masu ɗaukar baƙo ne, bai san ni ba, yana haki ya ce, "Wai wane mara imanin ne ya yi wannan matakala?" Na ga na kusa da shi ya mintsine shi. Muka fito da ita ta tsakanin teburin mai shayi da benci, gaban idon duk mazan da ta ƙi ratsawa tana da rai. Goggonki tana tsaye a saman matakala, ta ga komai. Ba ta ce mini uffan ba, ranar ko bayanta.

Ba mu ƙara shekara a benen ba. Kin tashi a gida mai tsakar gida da bishiyar darbejiya, ba ki taɓa tambayar abin da ya sa mai zana benaye yake zaune a ƙasa ba, ni kuma ban taɓa faɗa miki ba. Na tsere na bar wasu iyalai a ciki.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma benen ya yi suna. Masu kuɗi suka riƙa cewa a yi musu irin na Alhaji. Ni kuma kowace shekara ina ɗibar ɗalibaina in kai su su gani, ina nuna musu yadda na jera ginshiƙai, yadda baranda ke yi wa shago inuwa. Ba na hawa da su. Ina son yaran nan, Allah Ya sani, na raba wa wasu abincina, na bi wasu har Ringim da Kafin Hausa na roƙi iyayensu su bar su su gama karatu. Na koya musu komai ban da abin da na fi kowa sani. Yau wasunsu ne ke zane, wasunsu ne ke sa hannu a kan zanen wasu. In na bi titi na ga sabon bene, ƙofa a tsakanin shaguna, mai shayi a bakinta, baranda toshe da buhu, sai in sunkuyar da kai. Ba na buƙatar shiga, na san akwai wata tsohuwa a gindin taga. Ga shi abin ya zagayo har cikin gidana, ya fito a kwamfutar 'yata, na ce madalla.

Makon jiya, ranar da kika je sallama da ƙawayenki, Goggonki ta zo da ƙwaryar nono. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, gwiwarta ta fara ciwo.

"An ce Ummi ce za ta zana mana gidan."

Na ce, "Tana cikin masu zanawa, Adda. Su da yawa ne, kuma ita ce ƙarama."

"Ƙarama ko babba, jininmu ce. Na gaya wa matan garinmu su kwantar da hankalinsu."

Na ce ta dawo nan wurina, ga ɗaki a buɗe. Ta harare ni ta ce, "In bar mutanen da muka binne mazajenmu tare, in zo in zauna ina kallon ka kana karanta jarida? Inda aka kai su nan za a kai ni." Na san ba zan iya juya ta ba, tun muna yara ban taɓa iyawa ba.

Ta ce awaki ta san ba za a bari ba, har ta fara rabar da su. Amma in tambayar mata ke, ina za ta ajiye turmi? "Na Dada ne, ka san shi. Ni dai ba zan kife shi ba."

Ta shanye ruwanta, ta gyara mayafi, ta miƙe da ƙyar. Har ta kai bakin zaure ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ka kuma ce mata ni ba nauyi gare ni ba. Amma a bar hanya."

Karo na farko ke nan da ta taɓa maganar ranar nan, bayan shekaru fiye da naki a duniya.

Ba zan yaudare ki ba, Ummi, ba na jin za ki yi nasara. Na san ɗakin da za ki shiga. Ke ce ƙarama, ke ce mace, waɗanda za su yanke hukunci ba za su taɓa kwana a unguwar ba. Duk taku ɗaya na ƙasa shago suke gani a cikinsa. In kika ce tsakar gida za su ce ƙauyanci, in kika ce ƙofar baya za su ce tsada, wani zai ɗora yatsa a kan matakalarki ya yi irin barkwancin Alhaji, a yi dariya. Za ki ji kunya ta rufe ki, za ki so a ce kina da sauƙin kai. Ni da nake namiji, a garinmu, gaban mutum ɗaya, ban iya tsayawa ba. Da wane baki zan ce ke ki tsaya gaban mutum goma a garin da ba ki san kowa ba? Mai yiwuwa unguwar nan ta tashi kamar yadda aka riga aka so ta tashi, matan ƙauyen Goggonki su hau sama ɗaya bayan ɗaya, suna cewa lafiya lau.

Duk da haka ki gwada. Ki roƙa a bar wasu gidaje a ƙasa, ta bayan shaguna, don tsofaffi, ki sa Goggonki a ranki lokacin da kike roƙon. In sun hana, ki roƙi filin tsakar gida. In sun hana, ki roƙi ƙofar baya. Duk waɗannan in an fi ƙarfinki, na yafe miki tun yanzu, ita ma za ta yafe. Amma matakala kada ki saki. Kafin ki ƙara jan layi ɗaya, ki je masallacin unguwar da kika sauka, ki roƙi ladan ya bar ki ki auna makara, tsawonta da faɗinta, ki ƙara wurin tsayuwar masu ɗauka. Da wannan awon za ki zana kowace kwana. In sun tambaye ki dalili, kada ki ɓoye kamar yadda na ɓoye. Ki ba su labarin Dada, ki faɗi sunana, ki ce ubanki ne ya zana. Ban damu da abin da za su ɗauke ni ba.

In kuma sun goge duk da haka, ki kira ni ki faɗa mini gaskiya, kada ki ce mini lafiya lau. Ni zan je in gaya wa Goggonki da bakina. Tana can tana jiran amsa, turmin yana tsaye a tsakar gidanta, ta ce ba za ta ɗaure kaya ba sai ta ji daga gare ki.

Ki riƙe salla a kan lokacinta, ki riƙa cin abinci, ki riƙa kiran mamanki ko ba ki da abin faɗa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa hannunki ya fi nawa albarka, Ya jiƙan wadda kika ci sunanta, Ya yafe mini. Duk waɗanda za su hau abin da kika zana, Allah Ya sauko da su lafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.